Wasan da Ya Ƙi Gudu a Ɗakin Yaya

A shekarar da ɓarin jikin yayana ya shanye, ina aiki a wani buro, wato ofis, a nan Zinder, ina buga takardu ina adana su. Shi kuwa baduku ne kamar mahaifinmu, yana da rumfa a cikin unguwar Birni inda yake ɗinka jakunkuna da takalma da matasan kai na fata. Ya girme ni da shekara shida. Tansiyo ce, wato hawan jini, ta kayar da shi wata safiya yana alwala, kuma da aka sallamo shi daga asibiti ƙafarsa ta dama tana ja, yatsun hannun dama sun lanƙwashe, ba ya iya riƙe basilla. Bakinsa ya dawo da wuri. Hannun ne ya ƙi.

Likitan motsa jiki, wanda muke ce wa kine, ya ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya ce duk abin da zai sa yatsun su yi aiki alheri ne. Yaya ya matsa kwana uku ya daina. Yini yake yi a ɗaki gaban tele, ba ya kallo, ba ya kashewa. 'Ya'yansa mata biyu suna gidajen aure, gidan daga shi sai matarsa, 'yar ƙauyen Tirmini, mace mai ƙarancin magana wadda ba ta son a taɓa mata kaya.

A buronmu akwai wani abokin aiki mai kula da ordinatoci, wato kwamfutoci. Wata rana da hutun azahar na tarar da shi yana wasa, na tsaya a bayansa, sai na gane wasan. Jirage biyu ne suna tafiya sama, abokan gaba suna sauko musu da ruwan harsashi, su kuma suna kaucewa suna harbi. Shi ne wasan da muke yi a wani shago a unguwar Zango muna yara. Lokacin Yaya ya riga ya fara zaman rumfa, amma yakan sulale ya ja ni mu tafi, kuma duk unguwar ba wanda ke kaiwa inda yake kaiwa. Mutane kan tsaya a bayansa su yi kallo kawai.

Abokin aikin ya nuna min cewa wasan ba a cikin babbar ordinatar yake ba. Yana cikin wani koren allo da bai fi tafin hannu ba, ordinata ce sukutum, da ɗan kart memwar, wato katin ajiya, kamar farce wanda ke ɗauke da tsofaffin wasanni masu yawa. Ya ce allon kwaikwayon tsofaffin na'urorin wasa yake yi, ya yi kamar shi ne su. Yana da guda biyu. Da na ba shi labarin Yaya, ya haɗa min ɗaya a cikin akwatin roba, da manet biyu, wato abin riƙewa mai maɓallai, da wayar tele, da wata baƙar sharja mai nauyi. Ya ja min kunne cewa kada in jona allon da kowace sharja sai ita.

Ni da hannuna na ja kantar tele a ɗakin Yaya, na jona baƙar sharjar a bango, na mayar da kantar. Wasan ya taso da kiɗansa kamar da. Yaya ya karɓi manet yana murmushi, abin da na daɗe ban gani ba. Bai yi minti ɗaya ba aka harbo jirginsa. Ya sake, aka sake harbowa. A na uku ya ajiye manet a kan tabarma ya ce wannan ai wasan yara ne, in tafi da kayana. Ban tafi da su ba.

Bayan mako guda na shigo da la'asar na tarar da shi yana wasan shi kaɗai. Na yi murna, amma murnar ba ta daɗe ba, domin wasan ya lalace. Jirgin yana jan jiki kamar mai tafiya a cikin laka, harsasan suna saukowa a hankali, kiɗan kuma yana ja yana yankewa kamar kaset a rediyon da batirinta ya mutu. Kunya ta kama ni, na kawo wa mara lafiya abin banza. Na ce zan mayar a gyara. Ya ce in bar shi haka, ba komai. Na ɗauka kara yake yi min.

Zargina na farko a kan abokin aikina ya sauka. Mutum mai allo biyu, wanne zai bayar in ba mai matsala ba? Na tuna yadda ya yi saurin yarda, da yadda ya zaɓo wanda ke cikin aljihun tebur, ba wanda yake wasa da shi ba. Washegari na zare allon kaɗai na sa a aljihu na kai masa. Ya jona da sharjar teburinsa, wasan ya ruga da gudu, ba tangarɗa ko ɗaya. Ya dube ni. Na ce wallahi jiya ba haka yake ba. A zuciyata kuwa ina cewa na ga yatsunsa sun danna wani abu kafin hoton ya fito.

Na mayar gidan Yaya, wasan ya koma jan jiki.

Haka na yi ta kai da kawowa wajen mako uku. Abokin aikina ya rubuta min matakai a takarda, ni kuma in zauna gaban telen Yaya ina bi ɗaya bayan ɗaya. Ya koya min shiga regilaj, inda ake saita komai. Na kunna wata lamba da ke fitowa a saman hoto ta hagu, wadda ya ce in wasan na tafiya daidai sittin za ta nuna. A buro sittin take nunawa. A ɗakin Yaya tana yawo tsakanin talatin da wani abu zuwa arba'in da 'yan kai. Ya ce kowace tsohuwar na'ura tana da masu kwaikwayonta biyu ko uku a cikin allon, wani ya fi wani nauyi, in sauya zuwa mara nauyi. Na sauya. Ya ce in kashe abin da ke gyara hoto ya yi sumul, in rage girman hoton da allon ke aika wa tele. Na yi duka. Lambar ta ɗan ɗaga, ba ta kai ko kusa ba. Na koma zargin kart memwar, na ce ko jabu ce, ya kwafe komai a wata sabuwa. Ba abin da ya sauya.

Duk wannan Yaya yana zaune a gefe yana kallona. Wani lokaci ya ce na cika naci, wani lokaci ya tambaye ni ko ba ni da aiki a gidana.

Bazara ce, ɗakin kuma rufin kwano ne. Akwatin in ka taɓa shi kamar dutsen guga. Abokin aikina ya ce allon in ya ji zafi rage gudu yake yi don kada ya ƙone, ya manna masa wani ƙarfe mai haƙora, ya ɗaura masa 'yar fanka kamar murfin kwalba. Na tafi da tabbacin cewa an gama. Da na kunna a ɗakin Yaya, fankar ta juya, lambar kuma ta faɗi ƙasa da inda take a da.

Da na gaya wa abokin aikina haka ya sosa gemu. Ya ce in fanka ta ƙara masa nauyi, to wuta ce ba ta isar shi. Ya tambaye ni da wace sharja nake jonawa. Na ce da wadda ya ba ni mana, ni na jona ta. Ya tambaya ko ban taɓa ganin ɗan hoton walƙiya a kusurwar dama ta sama ba. Na ce ban taɓa ba. Daga yadda ya kalle ni na gane shi ma ya fara zargina, ko na yar da allon ne ina ɓoyewa, ko ina neman hanyar da zai musanya min da nasa. Kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. A na uku ya ajiye min takarda a tebur, ya rubuta yadda ake tsuke hoto ya shigo tsakiya, domin wasu tsofaffin tele suna cin gefe.

Telen Yaya yana cin gefen dama. Ina tsuke hoton sai ga walƙiyar, 'yar rawaya, tana zaune a kusurwa, mai yiwuwa tun makonni. Na tashi na ja kantar. Baƙar sharjar ba ta nan. Abin da ke jone a bango wata farar sharja ce siririya, an naɗe wuyanta da salatif, irin ta tsohuwar wayar hannu. Na san ta. Ta matar Yaya ce.

Dama tun ranar farko ba ta so na'urar ba. Na ji ta tana ce wa matata maƙwabta za su riƙa jin kiɗan wasan yara daga ɗakin dattijo, su ce ciwon ya taɓa masa kai. Na fita tsakar gida na same ta tana tankaɗe. Na tambaye ta baƙar sharjar. Ba ta ɗago ba, ta ce ta ara sau ɗaya a makon farko, wayarta ta mutu tana jiran kira daga gida, ta jona tata a wurin kafin ta gama. Da ta zo mayarwa ba ta same ta inda ta ajiye ba.

Ban yarda ba. Na tuna ƙanenta ya zo daga Tirmini dubiya a kwanakin, ya kwana biyu, kuma wayarsa babba ce. Da na yi shiru da ya fi min. Sai na ce, "Ko dai wani ya tafi da ita ƙauye bisa kuskure?"

Ta ajiye rariyar. Ta dube ni sosai, abin da ba ta saba yi ba, ta ce, "Ba wanda ya tafi da komai ƙauye." Ta ɗauki kwaryarta ta shige kicin. Ƙofar ɗakin Yaya a buɗe take, ya ji komai, bai ce uffan ba.

Na kai wa abokin aikina gaskiyar magana cewa laifin ba na allonsa ba ne. Bai ja zancen ba, ya ara min baƙar sharjar teburinsa. Na jona ta, na ɗauke farar na ajiye a kan taga, na mayar da kantar. Walƙiya ta ɓace, lamba ta tsaya cak a sittin, kiɗa ya fito garau. Na miƙa wa Yaya manet ina jin kaina kamar wanda ya ci jarrabawa. Muka fara tare, jirgina da nasa. Kafin mu wuce gajimaren farko an harbo shi sau uku. Ya ce kansa na ciwo, in kashe.

Washegari matarsa ta tafi Tirmini suna, za ta kwana huɗu. Aka bar min kai masa abinci da rana, matata ce ke dafawa. Rana ta farko na tarar da tele a kashe. Rana ta biyu, tun ina jingine moto, babur ɗina, a ƙofar gida na jiyo kiɗan nan mai ja yana yankewa. Na tsaya a zaure da kwano a hannu na daɗe ina saurare.

Na shiga na yi kamar ban lura ba. Na leƙa taga, farar sharjar ba ta nan. Na fara lissafa wanda zai iya shigowa gidan. Maƙwabcin da ke leƙo shi da safe tsoho ne, ko wayarsa jikokinsa ke kunna masa. Na yi tunanin ko matar ta sauya kafin ta tafi, amma jiya na ga farar a kan taga da idona. Na yi ta juya abin, ina kauce wa amsar da ke zaune a gabana tana cin tuwo da hannun hagu.

Da ya gama ya ɗauki sandarsa ya ja ƙafa zuwa bayan gida. Na san zai daɗe. Na duba ƙasan kantar, na ga inda ƙafafunta suka karce siminti a karkace, ba irin jan mai hannu biyu ba. Na durƙusa na jawo jakar kayan aikinsa daga ƙarƙashin gado, wadda na ɗauka ba wanda ya taɓa tun da ya kwanta. A ƙarƙashin wuƙaƙe da basilla akwai ƙullin jar fatar akuya. Na kwance. Baƙaƙen sharjoji biyu ne a ciki, an naɗe wayoyinsu tsaf.

Na mayar da komai yadda yake. Da ya dawo na lura da ƙujewa a gwiwarsa, sabuwa. Na ɗauki manet na biyu na ce mu taɓa kaɗan. Wannan karon ban kalli tele ba, hannunsa na kalla. Ya ɗora manet a cinya, hagu na tuƙa jirgi, babban yatsan dama kuma yana tasowa da ƙyar, ya yi rawa, ya sauka a kan maɓalli. A makare yake sauka, amma da yake harsasan ma a makare suke zuwa, yana samun su. Ya san inda kowane jirgin abokan gaba zai ɓullo, bai manta ko ɗaya ba. Muka wuce mataki na uku. Gumi yana zuba daga goshinsa, bai ce kansa na ciwo ba.

Na gaya wa abokin aikina duka, har da zargin da na yi masa. Ya ce wannan ya daɗe da sani, fuskata ba ta ɓoye abu. Sannan ya ce farar sharjar wata rana za ta lalata kart ɗin gaba ɗaya, kuma ba a bukatarta, domin a cikin regilaj akwai wurin da ake rage gudun wasa da gangan, gwargwadon yadda mutum yake so. Ya nuna min. Makonni uku ina wuce layin nan ina neman abin da zai ƙara gudu, ban taɓa karanta shi ba.

Na so in yi abin a ɓoye. Rana ta uku, da ya sake fita bayan gida, na zaro baƙar sharja ɗaya daga jakar na jona, na bar farar a bango wayarta na lilo a bayan kantar, na rage gudun wasan ya yi kusa da yadda ya saba. Ya dawo ya zauna muka fara. Bai yi minti biyu ba ya tsayar. Kiɗan ya yi kauri, yana tafiya a hankali, amma ba ya yankewa. Ya karkata kai yana saurare, ya dubi kusurwar da walƙiya take, ya dubi ƙarƙashin gado.

"Wa ya taɓa min jaka?"

Na ce ni ne.

Ya ce wato har na kai in shigo ɗakinsa in yi masa bincike kamar ɓarawo, don na ga ba ya iya tashi da sauri. Ya ce tun ina goye ya san ni da leƙe-leƙe. Na bar shi ya gama. Sannan na ce, "Yaya, kana ji na zargi matarka da danginta, ka yi shiru."

Ya daɗe yana kallon hannunsa. Ya ce ranar da ta ari sharjar ya kunna don kaɗaici, ya ga wasan ya sauko daidai shi, ya yi ta yi har magariba. Ya ce da wane baki zai gaya min cewa sai abu ya lalace yake iya shi, ni da na tsaya a bayansa a Zango. Game da matarsa kuma ya ce wannan tsakaninsu ne. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba shi ba. Can ya tura min manet da ƙafa ya ce in nuna masa inda ake rage gudun, kuma in nuna sau biyu, don ba ya son ya sake tambayata.

Da matarsa ta dawo na same ta a tsakar gida na ce ta yafe min, na gano inda sharjar take. Ta ce ita ta sani tun ranar da ta ɓace, ta ga lokacin da yake tura jakar da sanda. Na tambaye ta me ya hana ta faɗa. Ta ce mijinta ne. Ta ƙara da cewa da ita kaɗai na zarga da ba komai, amma na ambaci ƙauye. Ta ce ta yafe, sai dai wata da watanni in na zo ruwa kawai take ajiye min ta wuce, gaisuwarta kuma a wurin matata take tsayawa. Sai bayan girbi, da ƙanenta ya kawo gyaɗa, na je na gaishe shi na zauna muka yi hira, sannan ta fara amsa min da fiye da kalma biyu. Ban sani ba ko ta gaya masa abin da na ce. Ya yi min fara'a sosai, har fara'ar ta dame ni.

Na mayar wa abokin aikina sharjarsa a cikin ƙullin jar fatar, Yaya ya ce in bar wa mutumin fatar.

Hannun bai koma ɗinki ba. Bayan damina Yaya ya koma rumfa, yana zana fata yana yanka da hagu, wani tsohon abokin sana'arsa yana ɗinkewa. Yatsan dama yana riƙe fata a kan katako, yana riƙe kofi, yana ɓalle maɓallin riga in ba a tsaya ana kallonsa ba. Ko wasan ne ya kawo wannan ko lokaci ne, ban isa in ce ba.

Muna yin wasan ranar Asabar bayan la'asar. Yanzu shi ke zargina. In na shigo kafin ya fito daga wanka, sai ya buɗe regilaj ya duba ko na rage masa gudu don tausayi. In jirgina ya gifta gaban nasa ya tare harsashi, sai ya tsayar da wasan ya ce da gangan na yi, in koma gefena. Wani lokaci da gangan ɗin ne. Shi ke ƙara gudun da kansa, kaɗan-kaɗan, kuma duk lokacin da zai taɓa wurin sai ya aike ni tsakar gida in ɗebo masa ruwa. Daga jin kiɗan na san ya matso sama da inda muka fara, bai kai na Zango ba tukuna. Makon jiya mun kai mataki na biyar, aka harbo ni, ya ci gaba shi kaɗai har aka kira magariba.